Raifil mai famfo da kishiyoyinta: wacce ta dace da mafarauci a inda doka ta ƙayyade magazin

Duk wanda zai sayi raifil don farautar barewa ko aladen daji a Amurka, Kanada, Ostareliya ko Birtaniya, kafin ya tambayi wacce ta fi saiti, gara ya fara sanin wacce doka za ta bari ya ajiye a gida, da kuma wacce za ta bari ya shiga daji da ita. Tambayoyi biyu ne daban, kuma babu bindigar da amsarsu ke sauya mata daga wuri zuwa wuri kamar raifil mai famfo. A jihar Pensilbaniya ita ce abar tinƙahon mafarauta. A Birtaniya kuwa dokar 1988 ta haramta ta, in ban da mai ƙaramin harsashi .22.

Abin da aka saba kira fam-akshin a Najeriya, wadda ake gani a hannun 'yan sintiri da masu gadi, bindigar tsuntsaye ce mai santsin ciki da ke watsa ƙwayoyin dalma. Wadda ake magana a nan raifil ce: cikin bututunta akwai zane mai murɗewa, harsashi ɗaya take fitarwa, kuma yana kaiwa nesa da ƙarfinsa. Salon ɗanawa kaɗai ya haɗa su. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ma tsarinta daban ne, domin ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda sai shugaban ƙasa ke ba da lasisinsu, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke bayarwa, da bindigogin toka da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokokin da za a kawo a ƙasa na ƙasashen da aka ambata ne kaɗai.

Yadda take aiki

Mariƙin gaba, inda hannun hagu ke kamawa, yana zamewa a kan wani bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin bututun harbi. Sanduna biyu na ƙarfe ne suka haɗa shi da sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kuma kulle shi a bututu. In an ja shi baya, kan sakata ya juya ya saki, ya fizgo kwanson da aka harba ya jefar ta gefe, ya kuma ɗana guduma. In an tura gaba, sakata ta ɗauko sabon harsashi daga magazin, wato gidan harsasai, ta kai shi makwancinsa a gindin bututu, kanta ya juya ya kulle. Daga nan mariƙin ba ya motsi sai an harba, ko an danna ɗan maɓallin saki da ke gaban zoben kunama.

Tsarin ya daɗe. Colt ta fito da Lightning a 1884, Winchester ta biyo da Model 1890 mai harsashi .22 wadda John Browning ya zana, Remington kuma ta kawo Model 14 ta John Pedersen a 1913. Amma wadda ta riƙe kasuwar manyan namun daji ita ce Remington 760 ta 1952, da magajiyarta 7600 da ta fito a 1981. In ana cewa raifil mai famfo ta farauta, kusan kullum su biyun nan ake nufi. Ita 7600 nauyinta kusan kilo 3.4 ne ba tare da madubin saiti ba, bututunta inci 22 ne, akwai kuma gajeriya mai inci 18.5. Magazin ɗinta na cirewa ne, yana ɗaukar harsashi 4, ga ɗaya a makwanci. An yi ta don nau'o'in harsashi daban-daban: .243, .270, .280, .308, .30-06 da .35 Whelen. Browning BPR da Savage 170 sun gwada wannan kasuwa, ba su jima ba.

Inda ta yi fice

Babbar falalarta ita ce hannu ba ya barin wurinsa. Hannun dama yana nan a kan wuyan ƙota, yatsa kusa da kunama, kunci a manne, ido a cikin madubi. Hannun hagu kaɗai ke aiki, kuma aikin nasa ya bi yadda bindigar ke motsi: shurin harbi yana turo komai baya daidai lokacin da kulle ya saki, sai hannu ya bi shi, turawar gaba kuma ita ce ke dawo da bakin bindiga kan abin da ake hari. Gwani yana sake harbi na biyu da saiti kusan da saurin raifil mai ɗana kanta bayan kowane harbi, domin a harsashi kamar .30-06 abin da ke cin lokaci ba ɗanawa ba ne, dawo da ido kan dabba ne bayan shuri. Ba banza ba Larry Benoit da 'ya'yansa, waɗanda suka yi suna da bin sawun barewa cikin dusar ƙanƙara a Vermont da Maine, suka riƙe gajerun 760 da 7600. A irin wannan kurmi, dabba na tashi a mita 40 ko 50, ka gan ta tsakanin itatuwa biyu, sai kuma ta ɓace.

Abu na biyu, ba ta zaɓen harsashi. Mai ɗana kanta da hayaƙin albarushi take aiki, saboda haka in harsashi ya yi rauni ko ramin hayaƙin ya toshe da dauɗa, sai ta ƙi fitar da kwanso. Mai famfo kuwa ƙarfin damtsenka ne injinta: mai gram 9.7 ko mai gram 11.7, duk ɗaya ne a wurinta, a zafi ko a sanyin da ke daskarar da mai.

Na uku shi ne wanda mutane ba su cika tsammani ba, wato saiti. A 7600 mariƙin gaba ba ya taɓa bututun harbi, a kan nasa bututun yake, saboda haka matsin hannu ko na sanda ba ya karkatar da harsashi. Mai kyau da harsashin da ya dace da ita takan haɗa harbi uku cikin inci ɗaya da rabi zuwa biyu a yadi 100. Wannan ya wadatar ga barewa har mita 250. Sannan tana ɗaukar harsashi mai tsini, tun da a magazin nata jere suke ɗaya kan ɗaya, ba kai da gindi ba. Bahago ma tana yi masa sauƙi fiye da raifil mai sakata, wadda ake ɗanawa da ɗaga hannun sakatar a ja shi baya, ko da yake kwanso ta dama yake fita. Wanda kuma ya saba da bindigar tsuntsaye Remington 870 zai tarar da makullin kariya da maɓallin saki a wuraren da hannunsa ya sani.

Inda take ba da matsala

Matsala ta farko daga mai harbi take fitowa: ja rabi. In gaba ya faɗi, mutum ya ja mariƙi bai kai ƙarshe ba ya tura. Ko dai kwanson ya maƙale a ƙofa, ko sakata ta wuce ba ta ɗauko sabo ba, ka ja kunama ka ji ƙyas, makwanci babu komai. Maganinsa a ja da ƙarfi har sai an ji ƙarfe ya daki ƙarfe, a tura haka nan. Lallaɓa ta don kada ta yi ƙara shi ne ke jawo cikas. A yi atisaye da harsashin roba na gwaji a gida har hannu ya saba.

Ta biyu ta fi tsanani, kuma a ginin bindigar take. Mai sakata, lokacin da ka ɗaga hannunta, akwai wani gangare a jikin ƙarfen da ke ɓamɓaro kwanso daga makwanci da ƙarfi mai yawa kafin ka fara ja. Mai famfo ba ta da irin wannan ƙarfi. In makwanci ya yi tsatsa ko dauɗa, kwanson tagulla da ya kumbura da zafin harbi sai ya kama bango, mariƙi ya ƙi motsi, wani lokaci ma ƙugiyar sakata ta yage bakin kwanson ta bar shi a ciki. Tsatsar nan kuwa tana da dalili: ba a iya zare sakatar 7600 ta baya kamar ta mai sakata, don haka yawancin mutane ta baki suke wanke bututu, su tura dauɗa da ruwan wanki zuwa makwanci su bar su a can. Abin yi shi ne a nemi buroshin makwanci mai lanƙwasasshen mariƙi, a shigar da shi ta ƙofar kwanso, a goge, a busar da tsumma, a shafa mai kaɗan in za a ajiye, a kuma share man kafin a harba. In ana wankewa ta baki, a sa abin kare bakin bututu, domin sandar wanki tana cinye gefen baki, saiti kuma ya lalace. Masu sake ɗura albarushi a tsohon kwanso da kansu dole su matse kwanson tun daga wuya har gindi, wasu bindigogin ma sai da abin matsi mai ƙara tsuke gindin. Kwanson da aka matse wuyansa kaɗai, wanda mai sakata za ta karɓa lafiya, a nan ba zai bari a kulle ba.

Sauran ƙanana ne amma suna da ban haushi. Mariƙin gaba yana ɗan kaɗawa, kuma in zoben robar da ke cikinsa ya tsufa ƙarar takan ƙaru, barewa kuwa kunne gare ta. Kunamarta tana da nauyi da ja, ba a kuma daidaita ta a gida kamar ta yawancin masu sakata na zamani. Maɓallin cire magazin ƙarami ne, da safar hannu sai an yi fama. Leɓɓan magazin in suka lanƙwashe sakamakon faɗuwa, harsashi zai riƙa sokar gefen makwanci. Yawancin abin da ake ɗora wa bindigar laifinsa, magazin ne. Magazin masu ɗaukar 10 da wasu kamfanoni ke yi mata ba su kai na asali mai 4 aminci ba. Harbi a kwance ko a kan tebur kuma yana da wuya, tun da wurin da ka jingina shi ne wurin da zai motsa.

Kishiyoyin

Mai sakata ta fi mai famfo a komai in ban da sauri. Sassanta kaɗan ne, ana zare sakata da danna maɓalli ɗaya a wanke daga baya, kunama mai kyau ce, kuma kamfanoni irin su Tikka suna ba da tabbacin harbi uku cikin kusan inci ɗaya a yadi 100. Tana ɗaukar 3 zuwa 5. A fili, inda harbi ɗaya ne daga mita 200 zuwa 350 a kan sanda ko jaka, babu gardama, ita ce. Doka kuma ba ta cika damuwa da ita ba a ko'ina.

Mai liba, wadda ake ɗanawa da ƙarfen da ke ƙarƙashin kunama, irin Marlin 336 ko Winchester 94, siririya ce, mai daɗin ɗauka, tana da sauri ita ma, sai dai hannun kunama ne ke aikin, saiti yana ɗan gocewa. Magazin nata bututu ne da ke ɗaukar kamar 6 a .30-30, harsasai jere kan wannan a gindin wancan. Shi ya sa ba a sa mata mai tsinin ƙarfe: shuri na iya sa tsinin ya daki makunnin albarushin na gabansa. Sai mai faffaɗan kai, ko mai tsinin roba irin na Hornady. Harsashin .30-30 mai gram 9.7 yana fita da kusan mita 730 a daƙiƙa, na .30-06 mai nauyi ɗaya kuwa kusan 885. Tazarar nan ita ce bambancin bindigar mita 150 da ta mita 300. Browning BLR ce ta kauce wa wannan, da magazin na cirewa.

Mai ɗana kanta, kamar Browning BAR, ta fi kowa taushin shuri da saurin harbi, ta kuma fi kowa son tsabta. Ita ce doka ta fi sa wa ido.

Akwai kuma mai sakatar ja-kai-tsaye, irin Blaser R8 da Savage Impulse, wadda ba a ɗaga hannunta, ja da turawa ne kawai. A Turai ita ta cike gurbin da mai famfo ke cikewa a Amurka, sai dai Blaser kuɗinta ya ninka sau da yawa.

Abin da dokokin suka ce

A Amurka dokar tarayya ta 1994 ta hana ƙera sabon magazin mai ɗaukar fiye da 10 don farar hula, ta kuma ƙare a 2004 ba a sabunta ta ba. Yanzu lamarin na jihohi ne. Kalifoniya, Niyok, New Jersey, Connecticut, Maryland, Massachusetts, Rhode Island da jihar Washington sun tsaya a 10. Kolorado ta sa 15 a 2013, Delaware 17 a 2022, Vermont da Illinois kuma 10 ga doguwar bindiga, 15 ga ta hannu. Niyok ta taɓa cewa kada a ɗura fiye da 7 a dokarta ta 2013, kotu ta soke wannan sashe.

Abin da masu saye suka fi kuskurewa a nan shi ne, dokokin nan a kan magazin suke, ba a kan salon ɗanawa ba. Gaskiya ne dokokin da suka hana bindigogi masu siffar na soja yawanci sun ware mai famfo, mai sakata da mai liba, kuma wannan ne ya sa kamfanin Troy ya fito da PAR, mai siffar AR-15, raifil mai ɗana kanta mai kama da ta soja, amma da famfo. Amma magazin mai 30 haramun ne a Niyok ko a jikin wace bindiga aka same shi. Togaciyar da aka saba yi ita ce ta magazin mai siffar bututu na .22, shi ya sa Remington 572 mai ɗaukar 15 ke wucewa a wurare da yawa. Kalifoniya ta ƙara da bututun mai liba.

Dokar farauta kuma dabam take da dokar mallaka, kuma a nan mai famfo ke cin riba. Pensilbaniya ba ta yarda a harbi barewa da raifil mai ɗana kanta ba; a 2017 an buɗe ta ga ƙananan namun daji, manya kuwa aka bar su yadda suke. Wannan doka ce ta gina kasuwar 760 a jihar. Maine ta ƙayyade magazin mai ɗana kanta zuwa 5 a farauta, Niyok kuma ba ta yarda da wadda ke ɗaukar fiye da 6 ba. Ƙa'idar harsashi uku da ake yawan ji, ta bindigar tsuntsaye ce wajen harbin tsuntsaye masu ƙaura, tun 1935, ba ta shafi raifil ba.

Kanada ta bi wata hanya: tana duba bindigar da aka ƙera magazin domin ita. Wanda aka yi wa raifil mai ɗana kanta mai babban harsashi, 5 ne iyakarsa. Wanda aka yi wa mai famfo, mai sakata ko mai liba ba shi da wannan iyaka. Saboda haka Remington 7615, mai famfo da ke karɓar magazin AR-15, in da magazin na raifil AR aka ɗura ta, 5 ɗin nan ya hau kanta duk da cewa da hannu ake ɗana ta.

Ostareliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, ta kasa bindigogi rukuni-rukuni. Abin mamaki, bindigar tsuntsaye mai famfo ta faɗa rukunin C, wanda sai manoma da masu buƙata ta sana'a, raifil mai famfo mai babban harsashi kuwa ta zauna a rukunin B tare da mai sakata. Wannan ya sa 7600 da 7615 suka samu karɓuwa wajen masu harbin aladen daji, da iyakar 10 a magazin na cirewa. Jihohi sun yi ta ƙara tsaurarawa tun daga lokacin, wasu har da hana bindiga saboda kamanninta da ta soja kaɗai, don haka ofishin rajistar makamai na jihar da mutum yake shi ke da magana ta ƙarshe.

Birtaniya, bayan kisan gillar da wani ɗan bindiga ya yi a Hungerford a 1987, ta haɗa raifil mai famfo da mai ɗana kanta ta haramta su tare, in dai harsashin ya wuce .22 wanda ake kunnawa ta gefen gindinsa. Mai sakata da mai liba suna nan da lasisi. New Zealand ta hana yawancin masu ɗana kansu da magazin da ya wuce 10 a 2019 bayan harin masallatan Christchurch, sannan a 2020 ta ƙara da duk raifil mai famfo mai babban harsashi da ke karɓar magazin na cirewa. Wato 7600 mai harsashi 4 ta shiga ciki, ba don yawan abin da take ɗauka ba, sai don ana iya sauya mata magazin.

Zaɓi

Ga mafarauci na gaskiya, adadin da ke cikin magazin ba shi ne abin damuwa ba. Barewa ba ta tsayawa a yi mata harbi na shida, kuma 4 da ɗaya a makwanci bai wuce kowace iyakar raifil da aka ambata ba. Abin da ke jefa mutum cikin matsala shi ne nau'in magazin: na cirewa ne, kuma yana shiga wata bindiga mai ɗana kanta? Ta wannan fuska 7600 ta fi 7615 da PAR kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Su biyun an yi su ne don su tsaya a bakin iyakar doka, kuma duk lokacin da aka matsar da iyakar su ne na farkon faɗawa. Masu harbin alade garke-garke a gona ne kaɗai ke da hujjar neman 10.

In farautarka a kurmi ce, harbi ƙasa da mita 150, a tsaye, a kan dabba mai motsi, kuma a wurin da aka hana mai ɗana kanta, mai famfo ce zaɓin, a .308 ko .30-06. Gajeriyar ta fi daɗin juyawa cikin sarƙaƙiya, farashinta kuma shi ne ƙara mai tsanani da asarar kamar mita 30 a daƙiƙa. In fili ne, ko bindiga ɗaya za ka saya don komai, ko kana sake ɗura albarushi a kwanso da kanka, ɗauki mai sakata. In kana yawan ƙetare iyakar jiha ko ƙasa da bindigarka, mai sakata ko mai liba sun fi ƙarancin tambaya a wurin jami'ai. A Birtaniya da New Zealand ma babu zaɓin da za a yi.

Remington ta durƙushe a 2020, an kuma rufe tsohuwar masana'antarta ta Ilion a 2024, don haka mai neman 760 ko 7600 yawanci ta hannu zai samu. A haska makwanci da tocila ta ƙofar kwanso. In an ga ramukan tsatsa a bar ta, domin gyaransa sauya bututu ne. A duba zanen bakin bututu ko sandar wanki ta cinye shi, a duba murfin ƙofar kwanso, wanda a na baya-bayan nan roba ne kuma yana tsagewa. A ja mariƙi a hankali a ji ko sandunan biyu suna tafiya tare ba tare da tirjiya ba. A gwada kowane magazin da harsashin gwaji tun daga na farko har na huɗu, a kuma sayi na asali guda biyu tun ana samu.